Sharhi: Gatari da Jakar Toka a Wasan God of War

 

Yau za mu leƙa wani ɗaki da yawancinmu ke wucewa ta ƙofarsa. Ɗakin wasannin bidiyo nake nufi, abin nan da yara ke kira gem. Na san akwai dattijon da ya fara miƙa hannu zai murɗa rediyo ya koma wata tasha. Baba, Allah ya ƙara girma, a ɗan dakata mana. Maganar yau ta fi shafar iyaye a kan yaran.

Wasan da za mu ɗora a sikeli sunansa God of War. Akwai wasanni da dama a jerinsa. Namu shi ne na watan Afrilun 2018, wanda ya fito a na'urar PlayStation 4. Kamfanin Santa Monica Studio da ke Kalifoniya a Amurka ne ya ƙera shi, Sony ya fitar. A 2022 aka kawo shi kan kwamfuta. Shi ya lashe kambun gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2018, kuma kafin ƙarshen 2022 an sayar da kwafinsa sama da miliyan 23. Lissafi ya tsaya nan, ba zan cika muku kunne da alƙaluma ba.

Ga maganata tun daga farko, don ku san inda na dosa. Duk inda wasan nan ya riƙe labarin uba da ɗansa, ya yi ƙarfi. Duk inda ya saki labarin ya bi wani abu, ya yi rauni. Ku riƙe wannan, za mu yi ta dawowa kanta.

Amma kafin mu shiga, akwai ƙaya guda a bakin ƙofa. Sunan wasan kansa zai tsaya wa wasunmu a maƙogwaro. An gina shi ne a kan tatsuniyoyin mutanen da suka bauta wa gumaka. Da farko na Girkawan dauri, daga baya na mutanen arewacin Turai, wato yankin Norwe da Suwidin da Danmak da Aislan. Abin da suke kira alloli, wasu taurarin labari ne masu ci da sha, masu aure da haihuwa, masu hassada da ƙarya, masu mutuwa kuma. Mutanen yankin sun bar wannan bauta sun karɓi Kiristanci kusan shekara 1000 da suka wuce. Wasan bai kira kowa ya bauta wa kowa ba. Hasali ma, yawancin waɗannan alloli a matsayin azzalumai aka nuna su. Duk da haka, wanda ya ce abu mai irin wannan suna ba zai shiga gidansa ba, yana da hujjarsa, kuma ina girmama ta. Sai dai wasan ya riga ya shiga gidaje da shagunan gem. Gara mu san abin da ke ciki.

To, wane ne jarumin? Sunansa Kratos. Waɗanda suka yi ƙuruciya a zamanin PlayStation 2 sun san shi sarai, domin tun 2005 ya bayyana. Sojan Sparta ne a ƙasar Girka. Ƙato ne, kansa ƙwal, jikinsa fari fat da jan zane. Farin nan toka ce. An yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, aka la'ance shi, tokarsu ta manne masa a fata. Tun daga nan ba shi da aiki sai fushi. Wasa bayan wasa yana ihu yana sara, har a wasan 2010 ya kashe mahaifinsa Zeus, sarkin allolin Girkawa, ya bar ƙasar Girka kango. Faɗansa na da daɗin bugawa, amma shi kansa ba mutumin da za ka so ku haɗa hanya ba ne.

Cory Barlog, wanda ya jagoranci aikin 2018, ya gina sabon wasan a kan tambaya guda. Idan irin wannan mutum ya tsufa, ya sake aure, ya haifi ɗa, yaya zai yi renonsa? Barlog ya sha bayyana cewa zamansa uba a rayuwarsa ta zahiri ne ya kai shi ga wannan tunani.

Bari mu fara da ƙarfin wasan. Ku saurari yadda ya buɗe.

Daji ne, ga sanyi, ga dusar ƙanƙara. Kratos ya manyanta, ya tara gemu. Yana gaban wata bishiya mai shatin tafin hannu a jikinta. Ya durƙusa, ya ɗora nasa tafin a kan shatin, ya jingina goshinsa. Sa'an nan ya tashi ya sare ta da gatari. Matarsa ta biyu ce ta rasu, mai suna Faye, itacen ƙona gawarta yake sarewa bisa al'adar wurin. Ta bar wasiyya guda: a kai tokarta ƙololuwar dutsen da ya fi kowane dutse tsawo, a watsa ta a can. Shi ke nan labarin. Ba ceton duniya za a je ba, ba neman sarauta ba. Uba ne da ɗa da jakar toka. Mutumin da ya shekara da shekaru ɗauke da tokar iyalinsa a fata, ga shi yanzu ya rataya wata a ƙugu. Yaron ya roƙa a ba shi ya ɗauka, uban ya ce bai isa ba tukuna.

Sunan yaron Atreus. Bai san ubansa sosai ba, uwa ce ta raine shi. Kafin su kama hanya, Kratos ya fita da shi farauta don ya gwada shi. Suka hango barewa. Yaro ya yi gaggawa ya saki kibiya kafin a ce masa, ya kuskure. Uban ya daka masa tsawa, ya fizge bakan, sa'an nan ya kama kansa ya haɗiye sauran faɗan. Yaro ya ba da haƙuri. Uban ya nuna masa cewa ba ban haƙuri yake buƙata ba, gyara yake so ya gani. Can gaba suka sake cim ma barewar, yaro ya harbe ta, amma ya kasa ƙarasa ta da wuƙa. Uban ya ɗora hannuwansa a kan na yaron suka ƙarasa tare. Yaro ya yi tsuru, idonsa ya cika. Sai ka ga ƙaton hannun nan ya ɗago a hankali zai dafa kafaɗar ɗansa. Ya tsaya a iska. Ya janye.

Masu sauraro, wannan hannun da ya kasa sauka shi ne wasan gaba ɗaya. Sauran tafiyar, ta sa'o'i 20 da ɗoriya, jiran ranar da zai sauka ake yi.

Akwai kuma yadda yake kiransa. Ba kasafai Kratos ke ambaton sunan ɗansa ba. Yaro kawai yake ce masa. Yaro zo nan, yaro karanta wannan. Mu Hausawa mun san uban da ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, amma namu kunya ce da kara, kowa ya san so na nan a ƙarƙashi. Na Kratos tsoro ne. Yana tsoron kada ya matso kusa yaron ya gano ko shi wane ne. Yana tsoron kada jininsa ya bi ɗan, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Christopher Judge, wanda ya ba Kratos murya, ya iya cusa wannan tsoro a cikin kalma guda. Sai a kan dutsen ƙarshe za ka ji ya ce masa ɗana, kuma a lokacin kalmar na da nauyi.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Masu ƙera wasan ba su bar wannan dangantaka a bakin labari kawai ba. Sun sa ta a yatsun mai bugawa. Akwai madanni guda da aka ware wa yaron. Ka danna, ya saki kibiya inda ka nuna. Da farko kibansa ba sa yin komai sai jan hankalin abokin gaba. A hankali yana ƙwarewa. Ya fara shaƙe wani ta baya, ya fara yi maka gargaɗi idan an zagayo ka. Kafin ka ankara, ka wayi gari ba ka iya faɗa sai da shi. Kuma Kratos, duk ƙarfinsa, bai iya karanta rubutun ƙasar ba. Yaron ne ke karanta masa. Ka ga ƙato ya tsaya gaban bango yana jiran ɗan ƙaramin yaro ya gaya masa abin da aka rubuta. A nan wasan ya riƙe uba da ɗa, a nan kuma ya yi ƙarfi.

Mu zo kan gatarin. Na Faye ne, gado ta bar masa. Wasu wadanni biyu maƙera, Brok da Sindri, su suka ƙera shi. Gatari ne na ƙanƙara. Ka jefa shi, ya kafe a ƙirjin dodo ya daskarar da shi. Ka ci gaba da dambe hannu sake. Idan ka gama, ka danna madanni, gatarin ya fizgo kansa ya taso yana juyi a iska, yana sarar duk wanda ke kan hanyarsa, ya faɗo tafin Kratos da wata ƙara mai gamsarwa, abin da ke hannunka kuma ya girgiza. Za ka yi wannan sau ba adadi, ba za ka gaji ba. Da shi ake faɗa, da shi ake daskarar da injin ƙofa a wuce, da shi ake kaɗa ƙararrawa a buɗe akwati. Makami guda, aiki iri-iri. A nan sai dai a yaba wa gwani.

Kyan hoto da kiɗa ba sai na daɗe a kansu ba. Hoton ya yi kyau. Kiɗan Bear McCreary ne, da ayarin mawaƙa daga Aislan suna rerawa a tsohon harshen yankin. Abin lura shi ne kyamara. Daga farkon wasan har ƙarshe ba ta yankewa. Tana bayan kafaɗar Kratos, inda ya sa ƙafa nan take. Babu tsallake, babu a ce bayan kwana uku. Shi ya sa kake jin da kai ake tafiyar.

Ga kuma hirar kwalekwale. A tsakiyar ƙasar akwai wani babban tafki, a cikinsa akwai macijin da ya kai girman duwatsu. Uba da ɗa na tuƙi a kai. Yaro ya ce a ba shi labari. Kratos ya ɗauko tatsuniyar zomo da kunkuru, ya gama ta a jimla uku ko huɗu, babu gishiri babu magi, har yaron ya gane ubansa bai saba ba da labari ba. Daga baya suka sami abokin tafiya, wani masani mai suna Mimir, wanda Odin, shugaban allolin tatsuniyar arewa, ya ɗaure a jikin bishiya. Kansa kaɗai aka iya cirowa, aka farfaɗo da shi da tsafi, Kratos ya rataye shi a ƙugu. Wannan kai shi ke ba da tarihin Odin da ɗansa Thor da samudawa ana cikin tuƙi. Da ka kai gaɓa sai ya yi shiru, ya ce a bari sai an dawo. Da ka koma ruwa sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Akwai masu wasa da ke ta zagaya tafkin ba don komai ba sai don labarin ya ƙare.

A nan zan yi gargaɗi. Wanda ke da niyyar buga wasan bai kai ƙarshe ba, ya rage murya na ɗan lokaci, domin zan taɓa sirrin labarin.

A tsakiyar tafiya yaron ya kwanta rai a hannun Allah. Maganinsa na cikin lahirar tatsuniyar mutanen arewa, ƙasar sanyin da gatarin ƙanƙara ba ya aiki a cikinta. Dole Kratos ya koma gida. Ya shiga kwalekwale ba tare da yaron ba, sama ta yi ja. Ya isa bukkarsa, ya ɗaga katakon ƙasa, ya ciro wani ƙunshi. Tsofaffin wuƙaƙensa ne masu sarƙa, waɗanda ya yi duk ɓarnar Girka da su. Abin da ya binne don ɗansa, shi ya tono don ɗansa. Kai mai bugawa kuma ka sami sabon makami daidai lokacin da labarin ya buƙace shi. Ban san wani wuri a wasan da ya fi wannan ba.

Sa'an nan ga Freya da ɗanta Baldur. Uwa ce da ta ji tsoron mutuwar ɗanta, ta yi masa tsafin da babu abin da zai ji masa ciwo. Tsafin ya ci, amma ya tafi da duk wani ji. Ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi, ba ya jin ɗanɗanon abinci. Ya tsane ta saboda haka, har ya nemi ranta. Kratos na cutar da ɗansa da nisa, Freya ta cutar da nata da kusanci. A ƙarshe Baldur ya shaƙe uwarsa, ita kuma ta miƙa wuya don ya huce. Kratos, wanda ya san abin da ke biyo bayan kisan mahaifi, ya shiga tsakani ya kashe Baldur. Matar da ya ceta kuwa ta rantse sai ta ɗauki fansa. Babu wanda ya fita da farin ciki, kuma hakan ya dace da labarin.

To, jama'a, mun yaba. Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar.

Aibi na farko da kowa zai gani shi ne maimaita manyan abokan gaba. Tun a farauta ta farko wani ƙaton dodo mai ɗauke da ginshiƙin dutse ya far musu. Faɗa ne mai kyau. Ka ci gaba kaɗan, ga wani irinsa. Ka ƙara gaba, ga wani, an canza masa launi, wannan na wuta, wancan na ƙanƙara. Kuma kusan kullum hanyar gamawa da su guda ce, a murƙushe kan dodo da dutsensa. Har mai gadin gadar lahira, wanda aka yi ta kururuta shi, ka je ka tarar ɗan gidansu ne. A jerin da ya yi suna da manyan faɗace-faɗace, wannan koma baya ne. Ana ta ambaton Odin, ba za ka gan shi ba ko sau ɗaya. Ana ta ambaton Thor, sai ɗan leƙe a mafarki bayan an gama komai. Faɗan da ya fi kowane inganci, wato na mayaƙan mata masu fukafukai da sarauniyarsu Sigrun, an ɓoye shi a gefen hanya. Mutum na iya gama labarin bai gwabza da ko ɗaya ba.

Aibi na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ne ɗawainiyar kaya. An cika wasan da sulke iri-iri, da layu, da duwatsun tsafi, kowane da lambarsa ta ƙarfi da kariya da sa'a. Ana cikin tafiya mai taɓa zuciya, sai ka tsaya ka buɗe shafi kana gwada wannan ɗamara da waccan, kana lissafi kamar mai awo a kasuwa. Kuma lambar ita ke mulki. Mutumin da ya rushe ƙasar Girka zai iya haɗuwa da wani ɗan ƙaramin abokin gaba a lungu, ya buge shi sau ɗaya ko biyu ya mutu, don kawai lambar wancan ta fi tasa. Me wannan ya ƙara wa labarin uba da ɗa? Babu. A nan wasan ya sake su, a nan kuma ya yi rauni.

Haka zancen duniyoyin da ake tafiya tsakaninsu a wasan. An ce maka guda 9 ne. Ka je ɗakin tafiya, ka tarar 3 a kulle, har da Asgard gidan Odin. Cikin waɗanda ke buɗe, biyu ba su da labarin kirki. Ɗaya dutsen wuta ne da ake hawa ana gwajin faɗa. Ɗayan kuma wani lungu-lungu ne mai hazo mai guba, inda za ka shiga ka tara abu ka fito da gudu, ka sake shiga, ka sake fitowa. Idan ka mutu a ciki, abin da ka tara ya tafi. Wannan cikon sa'o'i ne, kuma ana ganewa.

Kyamarar nan da muka yaba ma tana da kuɗinta. Tunda ta manne a kafaɗa, ba ka ganin bayanka. Sai ka dogara da wasu 'yan kibau masu launi a allo da ihun yaro. Kuma tunda ba ta yankewa, dole a ɓoye lokacin da na'ura ke loda wuri na gaba. Shi ya sa za ka yi ta kutsawa ta tsagar dutse a hankali, ka yi ta hawan bango, ka yi ta zagaye a kan reshen wata bishiya kana jiran ƙofa ta bayyana. Hanyar tsallakawa daga wuri zuwa wuri yadda kake so kuwa, sai can kusa da ƙarshe ake buɗe maka ita.

Yanzu ga aibin da ya fi girma, kuma ina so iyaye su kasa kunne. Bakin wasan na faɗin abu ɗaya, hannunsa na yin wani. Kratos na koya wa ɗansa kame kai. Yana gaya masa kisa na da sakamako, fushi ba abin wasa ba ne. Madalla. Minti biyu bayan haka, kai mai bugawa ka kama wani ka tsaga shi biyu da hannu, jini ya fantsama, wasan ya ba ka lada. Har akwai ma'aunin fushi da ke cika, idan ya cika ka saki, Kratos ya haukace da duka, ƙarfinsa na dawowa yana dukan. Wato fushin da labarin ke kira cuta, shi ne maganin da wasan ke ba ka. Masu kare shi za su ce yawancin abin da ake kashewa matattu ne da dodanni, kuma kare kai ake yi. Gaskiya ne. Amma wa'azin kame kai ba ya zama daram a bakin wanda ake tafa wa idan ya fasa kai. Ga kuma jakar toka a ƙugu, ana tsayawa fasa tukwane da buɗe akwatuna ana neman azurfa.

Akwai wani wurin kuma da aka yi gaggawa. Da Atreus ya ji cewa shi ma jinin alloli ne, nan take ya canza. Ya fara girman kai, ya ci mutuncin Sindri, ya kashe Modi ɗan Thor alhali yana kwance ba ya iya kare kansa, uban na hana shi. Tunanin mai kyau ne, domin abin da uban ke tsoro ke nan. Sai dai canjin ya zo farat ɗaya, ya kuma tafi farat ɗaya. Abin da ya kamata ya dahu a hankali, an sauke shi da ɗanye. Ita kuwa Faye, wadda don ita ake tafiyar, ko muryarta ba mu ji ba.

Sauran magana guda kafin mu rufe, ita ce ta tatsuniyar kanta. Mafi yawan abin da aka sani game da labaran mutanen arewacin Turai ya zo ne daga littattafai biyu da ake kira Edda, waɗanda aka rubuta a Aislan. Ɗaya daga ciki Snorri Sturluson ne ya rubuta shi wajajen 1220, shi kansa Kirista ne. A can, Baldur ba mugu ba ne. Shi ne kyakkyawa, abin son kowa. Uwarsa Frigg ce, ta sa kowane abu a duniya ya yi rantsuwa ba zai cutar da shi ba, ta manta da kauci, ɗan tsiron nan da ke fitowa a jikin bishiya. Wani makiri mai suna Loki ya gano haka, ya ba wani makaho mai suna Hod kaucin ya jefa, Baldur ya faɗi. A wasan an haɗe Frigg da Freya sun zama mace guda. An mai da Baldur mafarauci mai ɗaci. Samudawa, waɗanda a littafi su ne abokan gaba, sun zama waɗanda aka zalunta. Modi da ɗan'uwansa Magni, waɗanda a littafi suna cikin masu tsira bayan tashin duniya, a nan an kashe su tun da wuri.

Shin wannan aibi ne? A ganina, a'a, muddin an san me ake ciki. An yi canjin da basira. Kaucin na nan, guntun kibiya ne da aka ɗaure igiyar kwarin yaron da shi, Baldur ya kai naushi ya soke hannunsa, tsafi ya karye. A ƙarshe kuma aka bayyana cewa sunan da uwar ta so ta raɗa wa Atreus shi ne Loki, ita kuma cikakken sunanta Laufey, wanda shi ne sunan uwar Loki a littafi. Wanda ya san tsohon labarin zai yi murmushi. Matsalar tana ga wanda bai sani ba, ya ɗauka abin da ya gani a allo shi ne abin da mutanen suka gada. Wasan aro ya yi, ya ɗinka rigarsa da yadin wasu.

Hukuncina bai canza ba. Wasa ne mai kyau ƙwarai, ya cancanci kambun da ya samu. Inda ya riƙe uba da ɗa, samun kamarsa sai an tona. Inda ya sake su ya koma lissafin sulke da maimaita dodanni, bai fi sauran ba. Wanda ya biyo bayansa a 2022, mai suna God of War Ragnarök, ya ƙara yawan manyan abokan gaba, ya kuma buɗe duniyoyin duka. Alama ce cewa masu shi sun ji koken.

Ga matasa masu bugawa: ba wasan shagon gem ba ne da za a biya kuɗin rabin awa a tashi. Na mutum ɗaya ne, yana son zama da natsuwa da jin Turanci, domin rabin daɗinsa a hira yake. Ba ya neman ka sayi komai a ciki, ba kuma sai da intanet ake buga shi ba. Idan kun buga, kada ku yi saurin kai kwalekwale gaɓa, ku bar Mimir ya gama magana.

Ga iyaye kuma, maza da mata: wasan nan ba na ƙananan yara ba ne. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ce na 'yan shekara 17 zuwa sama ne, ta Turai ta ce 18. Akwai jini, akwai sara, akwai ashar a bakin ɗaya daga cikin maƙeran nan. Ku duba jikin kwalin, za ku ga harafin M ko lamba 18 a jan gida. Idan a kwamfuta aka zuba wa yaro babu kwali, ku tambayi sunan wasan. Idan kuma ɗanku ya kai shekarun kuma kun amince masa, ku ja kujera ku zauna kusa da shi ko na rabin awa ne. Ku tambaye shi wane ne wannan mai gemun, me ya sa ba ya kiran sunan ɗansa. Ku ji amsar da zai ba ku.

Mu kwana nan, jama'a. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman na waɗanda suka buga wasan suka ga abin da ya saɓa da nawa.